Wane jirgin sama ne wannan mai jela biyu a tsohon hoton Fort-Lamy?

Jikan Falke, daga Garwa:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san tarihin jiragen sama a cikinku game da wani tsohon hoto da ke hannun iyalinmu. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana fatauci tsakanin Garwa da Fort-Lamy, wato Njamena ta yanzu, kuma a cikin takardun da ya bari akwai hoto baƙi da fari da aka ɗauke shi yana tsaye tare da wasu mutane a gaban wani jirgin sama wanda ban taɓa ganin irinsa ba. A bayan hoton an rubuta sunan garin da fensir, amma ba a rubuta shekara ba.

Na ɗauki hoton da waya na ɗora, sai dai ya fito dishi-dishi, don haka bari in siffanta jirgin da baki. Injunansa biyu ne masu farfela, fiffikensa kuma a saman gangar jiki yake. Daga bayan kowane inji wata doguwar jela ta miƙe baya, kamar hannayen baro, kuma a can ƙarshe an haɗa jelolin biyu da wani ƙaramin fiffike da aka gitta a tsakaninsu. Gangar jikin gajeriya ce mai kauri, ta ƙare tun kafin jelolin su kai ƙarshensu, bayanta kuma a buɗe yake gida biyu, ƙyaure ɗaya ya yi dama ɗaya ya yi hagu, har ana hango gaban wata babbar mota da ta ja da baya zuwa bakin ƙofar. Ƙanena ya saka hoton a manhajar neman hotuna, ta ba shi sunaye daban-daban da ba su yi kama da juna ba. Abin da nake so in sani shi ne sunan jirgin da ƙasar da ta ƙera shi, kuma idan zai yiwu, lokacin da aka ɗauki hoton, domin hakan zai taimaka mana wajen tsara tarihin tafiye-tafiyen marigayin.

Ɗalibin Injiniya, daga Zariya:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa kakanku. Bayanin da ka yi ya rage mana aiki sosai, domin jiragen ɗaukar kaya masu jela biyu ba su da yawa a tarihi. Ƙananan jiragen yaƙi irin su Lockheed P-38 na Amurka da Focke-Wulf 189 na Jamus su ma jela biyu gare su, amma babu wanda babbar mota za ta ja da baya ta loda wa kaya, saboda haka sun fita daga lissafi. Armstrong Whitworth Argosy na Ingila, wanda ya fara tashi a 1959, shi ma ya fita, tunda injuna huɗu gare shi, kai kuma biyu ka gani.

A ganina wannan jirgi Fairchild C-119 ne, ƙirar Amurka. Kamfanin Fairchild ya fara da C-82, wanda ya yi tashin farko a 1944, aka ƙera guda 223, sannan aka gyara kurakuransa aka fito da C-119 a ƙarshen 1947, aka ƙera sama da 1,100. Yawan nan kaɗai ya sa idan aka ga hoton jirgin kaya mai jela biyu, mafi rinjayen zato shi ne C-119. Kuma ya yi aiki a Afirka ƙwarai. Sojojin saman Beljiyam sun yi amfani da shi a Kongo, na Italiya ma sun kai nasu can a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, inda aka kashe musu ma'aikatan jirgi 13 a Kindu a watan Nuwamban 1961, sannan Habasha da Maroko duk sun mallake shi. Fort-Lamy kuwa tana tsakanin Turai da Kongo, ba abin mamaki ba ne a ga irinsa ya sauka shan mai.

Dalilin wannan siffa da ta ba ka mamaki shi ne lodi. Masu ƙira sun so a sami ƙofa a baya mai faɗin gangar jikin gaba ɗaya, kuma daɓen jirgin ya yi daidai da tsayin bayan babbar mota, yadda za a turo kaya kai tsaye ba tare da an karkata su ta ƙofar gefe ba, kamar yadda ake fama a jirgin DC-3 mai jela guda. Idan aka bar jela guda a tsakiya za ta tare hanya, shi ya sa aka raba ta biyu aka ɗora a bayan injuna. Matsalar ita ce ƙyauren nan biyu ba sa buɗuwa a sama, sai dai a cire su tun a ƙasa idan za a jefa manyan kaya da laima. Da jirgin kaya na C-130 ya fito a 1954 da jela guda da aka ɗaga sama da gangara mai buɗuwa ko ana cikin tafiya, sai sannu a hankali aka daina wannan ƙira.

Tsohon Makaniki, daga Kano:

Salamu alaikum. Ɗana na Zariya ya yi bayani mai kyau game da dalilin raba jelar, ban da abin da zan ƙara a kai. Amma ban yarda da hukuncinsa ba tukuna, domin ya tsallake jirgi guda wanda a wurina shi ya kamata a fara tuhuma idan aka ce Fort-Lamy, wato Nord Noratlas na Faransa. Yawan da aka ƙera jirgi a duniya ba shi ke nuna wanda ya fi sauka a wani fili ba. Chadi a hannun Faransa take har 1960, kuma sojojin Faransa ba su bar filin jirgin Fort-Lamy ba ko bayan samun 'yanci, jirgin kayansu kuwa tun daga 1953 Noratlas ne, sai daga baya wani jirgin kaya mai suna Transall ya soma karɓarsa. An ƙera kimanin 425, a Faransa da kuma Jamus ta Yamma. Daga nesa shi da C-119 ba su da maraba, ko faɗin fiffikensu ma kusan ɗaya ne, na Noratlas mita 32 da rabi, na C-119 ya ɗara mita 33 kaɗan. Saboda haka sai an matso kusa.

Malam mai tambaya, ka ɗauko ainihin hoton, ba na waya ba, ka sami gilashin ƙara girman rubutu, ka zauna a inda haske yake. Da farko ka dubi manyan tayoyin da ke ƙarƙashin injuna. Idan kowace ƙafa tana ɗauke da tayoyi biyu a jere, C-119 ne, idan kuwa taya ɗaya ce babba, to ko Noratlas ko tsohon C-82. Wannan ita ce alamar da na fi dogara da ita, domin mutanen da ke tsaye gaban jirgi sukan kare rubutu da tagogi, amma da wuya su kare tayoyi duka. Sannan ka dubi yadda fiffike ya fita daga gangar jiki. A jiragen Fairchild biyun nan fiffiken yakan ɗan gangaro ƙasa daga jiki zuwa inji, sannan ya sake miƙewa, an yi haka ne don kada ƙafafun tayoyi su yi tsawo da yawa. Na Noratlas a miƙe yake tun daga tushe. Gangar jikin C-119 tana da kusurwa, gefenta a shafe yake, tagoginta ma masu kusurwa huɗu ne, alhali ta Noratlas kewayayya ce, da tagogi masu da'ira. Idan taya ɗaya ka gani kuma kana so ka kawar da C-82, ɗakin matuƙa zai raba gardama, domin na C-82 yana can sama a kan gangar jiki, ya ja baya ya yi tozo, na Noratlas kuwa yana gaba, ya saje da hancin jirgin.

Injuna ma sun bambanta, ko da yake hoto ba ya nuna cikinsu. Noratlas na yau da kullum yana amfani da Bristol Hercules, ƙirar Ingila da kamfanin SNECMA ya riƙa haɗawa a Faransa, mai silinda 14 a layi biyu da ƙarfin doki wajen 2,000. Injin ne da ba shi da bawul irin wanda muka saba gani a mota, wani bututun ƙarfe ne ke zagaye da fistin a cikin kowace silinda, yana juyawa yana hawa da sauka, yana buɗe ramukan shigar iska da fitar hayaƙi. C-119 na farko-farko kuwa injin Pratt & Whitney mai silinda 28 aka ɗora masa, na baya aka koma Wright mai silinda 18, shi ya sa rumbun injinsa ya fi girma da tsawo.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai shi ne alamar ƙasa. Ko da ka ga da'irar sojojin Faransa a jikin jela, kada ka yanke hukunci da ita kaɗai, domin a yaƙin Indochina, har zuwa gumurzun Dien Bien Phu a Vietnam a 1954, Amurka ta ara wa Faransa C-119 aka shafa musu alamar Faransa. Hotunan waɗannan sun rikita mutane da yawa. Ka fara da ƙarfen, fenti ya biyo baya.

Jikan Falke, daga Garwa:

Na gode, Baba, na gode Malam na Zariya. Na yi yadda aka ce. Ƙafar da ke ɓangaren dama tana fitowa sarai a hoton, taya ɗaya ce babba, tsayinta ya kai ƙugun mutumin da ke tsaye kusa da ita. Tagogi uku ne ake iya gani a gefen jirgin, dukkansu masu da'ira, fiffiken kuma a miƙe yake, ban ga inda ya lanƙwashe ba. Babu tozo a saman gangar jiki. Farfelar da ake gani tana da kunnuwa huɗu.

Sai dai na lura da abubuwa biyu da ban gani ba a da. A can ƙarshen fiffiken akwai wani abu dogo mai siffar bututu a manne, wanda da farko na ɗauka tabo ne a takardar, amma da na sa gilashi sai na ga ginannen abu ne, kuma gabansa baƙi ne kamar rami. Na biyu, a jikin jelar akwai haruffa, na iya karanta F, sai ɗan layi, sai B, ragowar kuma kan wani mutum mai rawani ya rufe su. Ban ga da'ira ko tuta ta soja a ko'ina ba. Shin bututun nan tankin mai ne?

Malamar Tarihi, daga Yamai:

Assalamu alaikum. Da wannan ƙarin bayani, ina ganin maganar Baba ta tabbata, jirgin Noratlas ne, kuma ɗan'uwanmu na Garwa ya yi sa'a, domin ba irin wanda aka saba gani ba ne ya faɗo a hoton kakansa.

Bututun da ke ƙarshen fiffike ba tankin mai ba ne. Tankin da ake rataya wa a wurin yakan zama rufaffe mai tsini a gaba, wannan kuwa ka ce gabansa rami ne, wato mashigar iska. Ƙaramin injin jet ne, Turbomeca Marboré, irin wanda ke tuƙa jirgin koyon tuƙi na Fouga Magister, kuma kowane ɗaya yana ba da turin da ya kai nauyin kilo 400. An ƙara su ne a samfurin da ake kira Nord 2502, wanda aka fitar a tsakiyar shekarun 1950 domin kamfanonin farar hula da ke aiki a Afirka. Dalilin kuwa kowa a nan ya san shi a jikinsa, wato zafi. Idan rana ta take a watan Afrilu a Njamena zafi yakan wuce digiri 40, iska ta yi sako-sako, inji ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, fiffike ma ya rasa abin da zai dogara a kai, sai jirgi mai cikakken lodi ya ci titin tashi gaba ɗaya bai ɗaga ba. A wuri mai tudu kamar Ngaundere, da ke sama da mita 1,000 daga matakin teku, abin ya fi muni. Matuƙi yakan kunna ƙananan injunan lokacin tashi da hawa, ya kashe su idan jirgi ya daidaita a sama, kuma su ne madogara idan babban inji ɗaya ya mutu jirgi na ɗauke da kaya.

Haruffan ma sun dace da wannan. F alamar rajistar Faransa ce, kuma lambobin da suka fara da F-B na jiragen farar hula ne, shi ya sa ba ka ga da'irar soja ba. Kamfanin da ya fi shahara da wannan samfuri a yankinmu shi ne UAT, wato Union Aéromaritime de Transport, wanda ya riƙa jigilar kaya da fasinja tsakanin garuruwan Kamaru da Chadi da sauran yankin Afirka ta Tsakiya da ke ƙarƙashin Faransa. A wancan zamani har nama ake ɗauka ta sama daga Fort-Lamy zuwa biranen kudu, saboda shanu suna arewa, masu saye suna bakin teku, hanyar mota kuma ba ta biyuwa da damina. Falke da ke hulɗa da 'yan kasuwar garin yana da dalilin zuwa filin jirgi ko da ba tafiya zai yi ba.

Noratlas na UAT ya shiga tarihin siyasa ta hanya mai ban tausayi. A cikinsa ne Barthélemy Boganda, jagoran gwamnatin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya rasu ranar 29 ga Maris 1959, lokacin da jirgin ya faɗi a yankin Boda a kan hanyarsa daga Berbérati zuwa Bangi, kuma babu wanda ya tsira. Har yau ana jayayya a kan musabbabin faɗuwar. Ba da daɗewa ba bayan haka kamfanin ya sayar wa sojojin saman Fotugal jiragensa na wannan samfuri, suka tafi da su Angola, shi kansa UAT kuma ya haɗe da wani kamfanin jiragen Faransa mai suna TAI a 1963 suka zama UTA. Idan aka haɗa waɗannan, ina sanya hoton tsakanin tsakiyar shekarun 1950 da farkon shekarun 1960. Mu a Nijar ma mun san Noratlas, domin rundunar samanmu ta karɓi wasu daga hannun Jamus ta Yamma daga baya, amma waɗancan na soja ne marasa jet, kuma rajistarsu da 5U take farawa.

Ɗalibin Injiniya, daga Zariya:

Taya ɗaya da tagogi masu da'ira da miƙaƙƙen fiffike sun isa hujja, Noratlas ne. Inda nake so a yi hattara shi ne wajen sunan kamfani. Malama ta kawo UAT, kuma shi ya fi dacewa da wurin, amma haruffa biyu ba su isa su tabbatar da shi ba, domin Air Algérie ma ya mallaki Noratlas mai jet a ƙarshen fiffike, kuma a lokacin Aljeriya tana ƙarƙashin Faransa, jiragenta da F suke farawa. Akwai kuma wani samfurin gwaji, Nord 2508, wanda shi ma yana da jet amma an sauya masa manyan injuna zuwa na Pratt & Whitney, sai dai kaɗan aka yi, da wuya ya zama shi ne. Abin da zai rufe maganar shi ne haruffa ukun da rawani ya kare. Kowane jirgi lambarsa tasa ce shi kaɗai, kuma masu bin tarihin jiragen Faransa sun tattara rajistar Noratlas ɗaya bayan ɗaya, da shekarar da kowanne ya shiga hannun wane kamfani da shekarar da ya fita. Idan aka samu cikakkiyar lamba, tazarar shekarun da Malama ta bayar za ta ragu sosai.

Haka nan rubutun fensir da ke bayan hoton shaida ce, amma ba yankakkiya ba. Mai yiwuwa a can aka ɗauka, mai yiwuwa a can aka wanke shi kawai, ko kuma wani ya rubuta daga baya bisa abin da ya ji. Garwa da Marwa da Ngaundere duk suna da filayen jirgi a wancan lokaci. Idan ana hango wani gini ko tudu a bayan jirgin, a duba shi da kyau, domin kewayen Fort-Lamy shimfiɗaɗɗen fili ne, Garwa da Marwa kuwa ana hango duwatsu daga nesa.

Tsohon Makaniki, daga Kano:

Maganar yaron nan gaskiya ce, kuma akwai inda za a nemi haruffan. A wancan zamani ba a jela kaɗai ake rubuta lambar jirgin farar hula ba, ana rubuta ta da manyan haruffa a ƙarƙashin fiffike, kuma tunda fiffiken Noratlas a sama yake, mai ɗaukar hoto da ke tsaye a ƙasa yakan kama ta ko bai yi niyya ba. Wurin yakan yi duhu saboda inuwa, shi ya sa ido ba ya zuwa can. Ka kai hoton shagon da ke da na'urar sikanin, ka ce a ɗauke shi a mafi girman ƙarfin na'urar, sannan a kan kwamfuta a ƙara hasken ɓangaren inuwar kaɗai. Kada ka bari a saka shi a manhajojin nan masu gyara tsofaffin hotuna da kansu, domin idan suka tarar da harafin da ya dusashe sukan ƙirƙiro wani su cike gurbin, ka zo kana neman jirgin da ba a taɓa ƙerawa ba. Ka kuma dubi saman tagogi da gefen hanci, nan kamfanoni suka saba rubuta sunansu. Idan ka sami ko da harafi ɗaya ne bayan B ɗin, ka kawo mana shi tare da sabon hoton, a gwada shi da jerin jiragen kamfanonin biyu.